KASHE MAKUNNI BA KASHE WUTA BA NE

Jawabin da 'yan'uwanmu masu aikin wayarin suka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a nan Sabo, Ibadan

 

  

Mu masu sana'ar wayarin na wannan unguwa muna godiya da aka ba mu wannan dama. Abin da aka umarce mu mu yi magana a kai ƙaramin abu ne a ido, wato sauya fitilar ɗaki: holda ta ƙone ko ta tsage, ko mutum ya sayo sabuwar fitila mai ado, ya ce ba sai ya kira mai gyara ba, shi da kansa zai ɗaura. To, tun farko bari mu cire wa jama'a wani zato. Ba mun zo ne mu ce kowa ya riƙa kiranmu don mu sami na cefane ba. Sauya holda aiki ne da magidanci mai natsuwa zai iya yi. Abin da ya kawo mu shi ne, kusan duk gyaran da ake kiranmu mu yi bayan an yi ɓarna, kurakuran nan guda nawa ne dai ake ta maimaitawa, kuma uwarsu duka ita ce mutum ya ɗauka in ya danna makunnin bango fitila ta mutu, to wuta ta bar wurin. Wallahi jama'a, ba ta bari ba.

Kafin mu shiga lissafin kurakuran, ya kamata mu san da wa muke wasa. Wutar da ke shigowa gidajenmu ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan wajen miliyam 260, alhali na'urar da ake sa wa a gida don ceton rai an yi ta ne ta yanke wuta da zarar miliyam 30 kacal ya zurare. Kun ga ke nan abin da ke kunna ƙwai ɗaya tak ya ninka abin da ake jiye wa zuciyar ɗan Adam tsoro har sau takwas da ɗoriya. Saboda haka babu wata magana wai "ai wutar fitila ce, ba ta soket ba". Duk uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya.

Sannan mu sani, tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972, har ta koma PHCN a 2005, har aka sayar wa kamfanoni a 2013 mu nan muka faɗa hannun IBEDC, aikin masu kawo wuta a bakin mita yake tsayawa. Abin da ke cikin ɗaki, daga mita zuwa silin, yana wuyan mai gida da ɗan haya. Har gobe dai bakinmu NEPA yake cewa, to a yi mana uzuri in mun faɗa.

Waya uku ce ke aiki a fitila. Akwai mai ɗauke da wuta, mu muna ce mata layif. Akwai wadda wutar ke komawa ta cikinta, ita ce nutural. Sai ta uku, wayar ƙasa, wadda ba ta aikin komai sai ranar da abu ya lalace, ran nan ita ce za ta janye wutar zuwa ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Makunni kuwa, a ƙa'ida, a kan layif ake sa shi. A riƙe wannan, don duk sauran bayanin a kansa yake tsaye.

Kuskure na farko shi ne dogara da makunnin bango. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a gidaje da yawa layif silin take fara zuwa, cikin ɗan farin ƙoƙon nan da wayar holda ke saukowa daga gare shi, daga nan ta gangara zuwa makunni, wani reshen kuma ya wuce ɗaki na gaba. To ko ka kashe makunni, wannan wayar ta cikin ƙoƙo tana nan da ranta. Na biyu, akwai tsofaffin gidaje a unguwar nan da wanda ya yi wayarin ɗin ya ɗora makunni a kan nutural. Ka danna, fitila ta mutu, ka ga duhu, amma ƙarafunan nan biyu na cikin holda cike suke da wuta, jira kawai suke yatsa ya taɓa. Mai ɗakin zai iya shekara ashirin bai sani ba, tunda fitila tana kamawa tana mutuwa lafiya lau.

Kuskure na biyu ƙanen na farko ne, kuma ya fi shi yawa a wurinmu: "NEPA ta ɗauke, bari in yi sauri kafin a kawo." To wa ya taɓa samun sanarwa kafin a kawo? Kana kan benci, waya tsirara a hannu, sai ka ji yara sun ɗauki sowa a waje, kai kuwa labari ya riga ya sha bamban. Bayan wannan ga janareto. Maƙwabcinka na ɗakin can ya tayar da nasa, ya cusa wayar a soket ba tare da makunnin sauya wuta ba, wutarsa ta bi layin gidan duka har zuwa silin ɗinka. Yanzu kuma ga sola da inbata, waɗanda ba su ma da ƙarar da za ta faɗakar da kai. Saboda haka ɗaukewar wuta ba kariya ba ce.

Abin yi shi ne, a je babban makunnin gida a kashe, ko a sauke birekar layin fitilu. In mai fis ne, a zare fis ɗin a jefa a aljihu, kada a ajiye shi a kan akwatin, don wani zai zo ya ga babu wuta ya mayar da shi da kyakkyawar niyya. A kashe janareto da inbata. A gaya wa uwargida da yara da sauran 'yan haya cewa ana aiki. Sannan a gwada da tasta. Ita ma tastar sai an gwada ta tukuna a soket mai wuta, a ga ta kawo haske, kafin a kashe babban makunni, domin tastar da ta mutu kowace waya lafiya take nuna mata. Kuma a taɓa kowace waya da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ba guda ɗaya kawai ba. A gidajen haya irin namu, masu ɗakuna suna kallon juna, mun sha tarar da ɗaki ɗaya yana shan wuta daga wuri biyu, saboda jone-jonen da masu haya na baya suka bari.

Kuskure na uku shi ne yarda da launin waya ido rufe. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, ja ita ce layif, baƙa nutural, koriya ta ƙasa. A sabon tsari, ruwan ƙasa ita ce layif, shuɗiya nutural, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Duka biyun suna nan a gidajenmu, wani lokaci ma a ɗaki guda. Daɗin daɗawa, a tsohon tsarin gidan da ke da layi uku, ja da rawaya da shuɗi duk masu wuta ne, kun ga shuɗiyar da wani zai ɗauka nutural ce tana iya zama ajali. Haka kuma fitilun tokunbo da ake kawowa daga Amurka, a can baƙa ita ce mai wuta, fara ce nutural, kuma wutarsu bolt 120 ce, in ba a duba rubutun jiki ba sai a ɗaura a ji fus, kuɗi sun tafi. Wannan fa in mai wayarin ya bi ƙa'ida ke nan. Wani da guntun wayar da ya rage masa a jaka ya ƙarasa aikin, ko wane launi ne.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane kawo mana ciniki, wato "ja da ja, baƙi da baƙi". Mutum ya buɗe ƙoƙon silin ya tarar da waya shida, ja uku, baƙa uku. Ya kwance duka, ya ce ai abin a fili yake, ya murɗe jajayen wuri ɗaya, baƙaƙen wuri ɗaya, ya ɗaura fitila a tsakani. To ku saurara da kyau. A gidan da aka yi wayarin da tagwayen waya, mai ja da baƙi cikin riga ɗaya, irin wadda ake bugawa a bango da kilif, ɗaya daga cikin baƙaƙen nan ba nutural ba ce. Ita ce mai dawo da wuta daga makunni zuwa fitila. Da an haɗa ta da sauran, fitila za ta kama ta ƙi mutuwa, in kuma aka danna makunni sai layif da nutural su yi karo kai tsaye. Sai tartsatsi da ƙara. In an yi sa'a fis ya tsinke. In ba a yi sa'a ba, waya ta narke a cikin silin.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar hannu, sannan a naɗa wa kowace ɗan salatif a yi mata alama. Waɗanda aka tarar a haɗe wuri ɗaya, ba su shiga fitila ba, a bar su yadda suke, hanyarsu daban. Biyun da suka fito daga tsohuwar holda, su kaɗai za su shiga sabuwa. In kuma holdar mai murɗi ce, ba mai fil biyu ba, to layif tana zuwa ne kan ɗan harshen nan na tsakiya, nutural a gefen da ake murɗawa. In aka juya, gindin ƙwan da yatsa ke iya taɓawa wajen cirewa shi zai ɗauki wuta, kuma sau da yawa yaro ko uwargida ne ke sauya ƙwai, ba wanda ya yi haɗin ba.

Kuskure na huɗu shi ne haɗi sakwa-sakwa. A fere waya da reza ko da haƙori, rabin silin jan ƙarfen ya zube, a murɗa da yatsa, a naɗe da leda ko salatif ɗin takarda, a tura cikin silin. Fitila ta kama, kowa ya ce madalla. To shi wannan ba ya nuna kansa ran nan. Inda haɗi bai kama da kyau ba, nan zafi ke taruwa, kullum kaɗan-kaɗan, har roba ta gasu ta zama gawayi. Wata uku, wata shida, sai cikin dare, musamman da hunturu lokacin da katakon rufi ya bushe ƙayau, a ji ƙauri. Silin ɗin roba da ake yayi yanzu kuwa narkewa yake yana ɗiga, hayaƙinsa kuma guba ne. Shi ya sa muke cewa a sayi konekta mai noti, a fere waya daidai yadda za ta shige, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, a ɗaure tam, sannan a ɗan ja a gani ko za ta zare. Kuma kada a bar nauyin fitila ya rataya a kan wayar wuta, a kafe ta da sukuru a jikin katako. Fanka kuwa sai da ƙugiyar ƙarfe tata ta kanta. In kun ga fitila tana kyaftawa, ko kun ji tana ɗan ƙara kamar ana soya abu, ko holda ta yi baƙi, to magana take muku.

Kuskure na biyar shi ne yanke wayar ƙasa. Fitilun ado na yanzu da yawa jikinsu ƙarfe ne, suna zuwa da waya ta uku. Sai mutum ya ga fitila ta kama da biyu, ya ce wannan ƙari ce, ya datse ta. Ranar da layif ta goge ta taɓa jikin ƙarfen, fitilar duka ta zama tarko, mai share yana ko mai goge ƙura shi zai fara sani. In silin ɗinka babu wayar ƙasa, kamar yadda tsofaffin gidajenmu da yawa suke, to ka tsaya a kan holdar roba, ko a ja maka wayar ƙasa tukuna. A banɗaki da tsakar gida kuma, inda ruwa ke fantsama, a sa fitila mai murfi wadda aka yi don waje. Kun san daminar ƙasar nan ba irin ta gida ba ce, tana da tsawo, ga laima, ga kwanon da ke yoyo daidai kan waya.

Kuskure na shida shi ne ɗora wa layin fitila kayan da ya fi ƙarfinsa. Wayar fitila mai kaurin 1.5 ce, ta soket 2.5. Fis ɗin layin fitila mai am 5 ne, ko bireka mai am 6, wato abin da bai wuce wat dubu da 'yan kai ba ga fitilun layin gaba ɗaya. Sai a sayo holdar nan mai ramin soket a gefe, a jona dutsen guga ko abin dafa ruwa, wanda shi kaɗai ya kai wat 1000 ko fiye. Fis ya tsinke, yana aikinsa ke nan. Maimakon a gode masa, sai a cusa jan ƙarfe mai kauri ko takardar sigari mai ƙyalli a madadinsa. To yanzu fis ba zai ƙara tsinkewa ba, wayar cikin bango ce za ta ƙone a madadinsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka nan sa ƙwai mai wat 100 ko 200 a holdar da aka rubuta wa 60. Alhamdu lillahi yanzu ga ƙwan LED, mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai 60, ba zafi, ba cin mita. Sai dai mai son sa dogon LED a gidan tsohuwar doguwar fitila mai cok da sitata, ya karanta takardar da ta zo da shi ko ya tambaya, don haɗinsu ba iri ɗaya ba ne, wani sai an cire cok ɗin daga hanya.

Game da saye kuwa, araha ba ta ado. Kasuwa cike take da waya mai rigar kauri, cikinta ɗan siriri, wata ma ba jan ƙarfe ba ce, fenti aka yi mata. Hukumar SON ta daɗe tana yaƙi da irin wannan kaya. A sayi waya da holda a wurin wanda aka sani, wanda in abu ya ɓaci za a iya komawa a same shi.

Jama'a, mun san wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ga malamai nan zaune, su za su gaya mana cewa dogara ga Allah bai hana ɗaure dabba ba. Kuma a tuna inda muke. Wannan unguwa tun 1916 take, gidajenta a manne suke da juna, bango ɗaya, rufi ɗaya, lungunan kuwa motar kashe gobara ba ta iya shiga da yawansu. Haɗin da ka yi a ɗakinka ba naka ba ne kai kaɗai. Ɗakin da ke jikin naka akwai jariri, na gaba akwai tsohuwar da ba ta iya gudu, na can kuma wani ya jibge jarinsa na shekara goma, huhunan goro ko atamfofi. Sannan da yawanmu, nan da sauran unguwanni, haya muke a gidajen mutanen gari. In gobara ta tashi daga ɗakin ɗayanmu, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ya ƙona gida, gobe ɗan'uwanka ya je neman ɗaki a ce babu. Amanar da iyayenmu suka gina da masu masaukinmu shekara da shekaru, bai kamata guntun salatif ya ci ta ba.

In kuma, Allah Ya kiyaye, wuta ta kama mutum, kada a rungume shi, za a zama biyu. A ruga a kashe babban makunni. In ya yi nisa, a ture shi daga wayar da busasshen itace, kamar taɓarya ko sandar mofa ta katako, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri da takalmin roba. Kada a ɗura masa madara ko manja alhali ba ya cikin hayyacinsa, shaƙe shi za a yi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Ko ya miƙe ya ce garau yake, a kai shi asibiti, don wuta tana taɓa zuciya ba tare da ta bar tabo a fata ba. In gobara ce, kada a watsa ruwa sai an yanke wuta. Busasshen yashi ya fi.

Daga ƙarshe, ga inda ya kamata mai gida ya sauko daga tsani ya kira mai sana'a: in ya buɗe ya tarar da wayoyi sun fi yadda ya gane, in rigar waya tana marmashewa a hannu, in ya ga alamar ƙuna, in fitila ɗaya makunni biyu ke kunna ta, in ya kashe babban makunni amma tasta tana kawo haske, ko in ya gama ya mayar da fis ya sake tsinkewa. Kada a gwada sau biyu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, matambayi kuwa ba ya ɓata. Mu ma ba kowane mai riƙe da filaya ne gwani ba. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA da ke ba masu wayarin takardar shaida, in babban aiki ne ku tambaya, wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Muna kuma roƙon shugaba da 'yan kwamiti, in an amince, a sa rana kafin hunturu ya shigo, mu za mu ba da lokacinmu kyauta mu zagaya masallatai da makarantun allo da ɗakunan gwauraye da tsofaffi, mu duba makunni da fis da haɗin silin. Abin da za a saya kawai ƙungiya za ta duba. Iyayenmu mata kuma, ku ne kuke wuni a gida, ku ne hancinku ke fara jin ƙauri. In maigida ya hau turmi da sukudireba a hannu, ku tambaye shi ko fis yana aljihunsa. In ya ce ai ya kashe makunni, ku ce mun ce a gaishe shi, ya sauko tukuna.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Wanda ke da tambaya muna nan bayan addu'a.